Shuni a Goshin Amarya

Ku da kuke ɗaga salula sama, ku murguɗa baki, ku danna, sannan ku ce kun ɗauki hoto, ku matso kusa ku ji. Sunana Dije, amma a tsohon garin Agadez in ba ka ce Dije mai hoto ba, ba wanda zai nuna maka ƙofata. Ban taɓa taka lakkwal, makarantar boko, ba. Wannan ma da baki nake faɗa, wani hannu ke rubutawa. Amma haske na san shi kamar yadda na san ƴaƴan cikina. Na san na hantsi, wanda ke dukan jan bango ya dawo ya kwanta a fuskar mutum a hankali. Na san na tsakar rana, mai cinye idanu ya bar ramuka biyu baƙaƙe a gurbinsu. Wannan karatun a ɗaki mai duhu na yi shi, kuma ba wanda ya isa ya ce min ba karatu ba ne.

Aikin farko da na taɓa a sana'ar nan ba ɗauka ba ne, ɗiban ruwa ne. Mijina Sidi, Allah ya jiƙansa, shi ke da studiyo a bakin kasuwa, ni kuwa amarya ce da aka ce ta riƙa cika tuluna. Ruwan garin nan kun san shi, in zafi ya kama, kamar daga kan murhu aka sauke shi. Pelikil kuwa ba ya son haka. Ga waɗanda ba su taɓa ganin pelikil ba: wata ƴar doguwar leda ce naɗe cikin ɗan gwangwani, wadda ba ta yarda ta ga haske sai sau ɗaya a rayuwarta. In an wanke ta da magani, sai ta zama abin da ƴan lakkwal ke kira negatif, mu kuma muke ce mata uwar hoto. A jikinta komai a juye yake, baƙi ya zama fari, fari ya zama baƙi, kuma daga ita ake haifar hoto a takarda, ƙarami ko babba, yau ko bayan mai shi ya yi jikoki. To, in ka zuba mata ruwan zafi, fatar da hoton ke kwance a kai sai ta saɓule, mutum ya narke ya bi ruwa da rawaninsa. Don haka tun jiya nake cika tuluna, in lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhu, in ajiye inda iska ke ratsawa. Sidi yana da wani ɗan gilashin awon zafi da yake ji da shi. Ranar da ya faɗi ya fashe, na tsoma gwiwar hannuna a ruwan na ce masa ya yi. Ya harare ni, ya wanke, hotuna suka fito garau. Daga ranar gwiwar hannuna ta shiga cikin kayan aiki. Agogo ma ban iya ba, da carbi nake auna zaman pelikil cikin magani, lokacin sanyi in ƙara ja, lokacin zafi in rage.

Wani suna da aka yi a gidan wani babban ɗan kasuwa shi ya sa aparai, wato akwatin ɗaukar hoto, a hannuna. Matan gidan sun ci ado suna son hoto, Sidi kuwa iyakarsa zaure. Ya saita min komai, ya rataya min aparai a wuya, ya ce in tsaya kaza, in riƙe numfashi, in danna. Na shiga ina taƙama. Da muka wanke, sai ga mata reras ba kawuna, daga wuya zuwa ƙasa, sai sarƙoƙi da awarwaro. Sidi ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Abin mamaki matan ba su yi wani fushi ba, dama sarƙar suke so a gani. Amma ni na yi. Na yi ta leƙa aparai ba pelikil a ciki, ina auna awaki da ƴan tallan goro, har idona ya koyi inda hoto ke farawa da inda yake ƙarewa. Bayan nan ba ɗakin amarya ko na mai jego a tsohon gari da ban shiga ba.

Aikin da ya fi kowane wuya a garin nan shi ne ɗaukar mace cikin alasho, da farar riga, da azurfa a wuya. Alasho shi ne baƙin mayafin nan na shuni da ake kawo mana daga ƙasar Kano. Ba yadi ɗaya ba ne. Siraran saƙa ne, kowace ba ta wuce faɗin yatsa ba, aka ɗinke su ɗaya jikin ɗaya, aka rina, aka buga shuni a ciki har ya riƙa walƙiya kamar bayan buzuzu. Kuma na gaskiya yana zuba. Yana barin shuɗi a goshi, a yatsu, a kafaɗar riga, kuma wannan shuɗin shi ne adon. Amaryar da ta wayi gari goshinta fes, sai a tambayi wanda ya sayo mayafin. To ka haɗa baƙi mai walƙiya da fari mai kashe ido a hoto ɗaya. In ka biye wa rigar, mayafin ya zama gawayi. In ka biye wa mayafin, rigar ta ƙone ta zama fanko. Ni mayafin nake bi, don abin da uwar hoto ba ta kama a duhu ba, ba mai dawo da shi. Rigar kuwa a ɗaki nake lallashinta. Ƙarƙashin injin faɗaɗa hoto, mai dogon wuya kamar raƙumi, sai in sa tafin hannuna in kare fuska, in bar haske ya daɗe a kan riga har ɗinkinta ya fito. Ku nuna min maɓallin da ke yin wannan.

Mun ga mutane. Ƴan azalai, masu ayarin raƙuma, kafin su kama hanyar Fachi ɗaukar gishiri su kan zo a ɗauke su, su bar wa iyali, don ba a san abin da hamadar Tenere za ta yi ba. Ma'aikatan haƙar kwal na Anou Araren su zo da hular ƙarfensu a hammata, sai an zo dannawa su ɗora ta. Turawan yawo su kawo nasu pelikil mu wanke. Sai shekarar da hanya ta lalace, Turawa suka ɗauke ƙafa, kaya suka daina zuwa a kan kari. Pelikil mai launi da muka samu ashe ya sha rana a bayan kamiyo, babbar motar kaya. Muka ɗauki bikin Biyanu guda da shi, muka aika labo, gidan wankin hoto, a Damagaram, ya dawo kowa kore shar kamar ganyen yakuwa. Muka bi gida gida muna ba da haƙuri. A shekarar Sidi ya rasu. Na rufe studiyo na yi takaba, na fito na buɗe. Ba a jima ba labon ya rufe, salula ta shigo, kowane yaro ya zama mai hoto. Na kwashe kayana na mai da su ɗakin baya na gidana. Wani tsohon direban Turawa da ya san Sidi ya taɓa kawo min pelikil baƙi da fari da garin magani da takarda. Na zuba su a randa, na binne gindinta a jiƙaƙƙen yashi, ina ciro ɗaya ɗaya. Duk amaryar da aka yi a unguwarmu, washegari da hantsi ina fito da ita jikin bango in ɗauke ta, ko an gayyace ni ko ba a gayyace ni ba.

Kada ku ce na ce sabon aparai, numerik ɗin nan mara pelikil, ba shi da amfani. Uwar da ɗanta ke cikin ramin zinariya can cikin sahara, ta ga fuskarsa yau yau ta san yana raye, wannan pelikil bai taɓa yi wa kowa ba. Amma sauri daban, kyau daban. Salularku kuwa ta raina mu. Ka nuna mata baƙar fuska, sai ta ga kamar kuskure ne, ta hau gyara. Ta shafe zanen kunci, ta goge tamojin tsohuwa, kowa ya fito sumul kamar sabulu.

Bikin Mariyama ƴar maƙwabciyata shi ne ya sa nake wannan dogon zance. Angon yana wajen zinariya, uwarsa Hajiya Ramatu tana Aderbissinat, ƙafafu sun hana ta zuwa. Ita ta ɗora wa Azara amanar sayo alashon amarya. Azara ƙawata ce tun muna ɗaukar tulu tare, dillaliyar alasho ce, kuma a garin nan in Azara ta ce na gaskiya ne, ba mai sa yatsa ya murza. Ba ta da shago, ba ta da ɗa namiji. Sunan nan shi ne gonarta.

Mai hoton bikin kuwa Dramane ne, ɗan ƙanena, wanda ya girma a Yamai ya dawo ya buɗe studiyon numerik. Yaron kirki ne, kuma ya iya riƙe aparai, ba zan ci haƙƙinsa ba. Da ya gan ni washegari na fito da amarya jikin bango, sai ya kama baki.

"Gwaggo, wai wannan akwatin har yanzu yana numfashi?"

"Yana numfashi, ɗan nema. Shi ya ɗauki ubanka ba wando."

"Ni jiya na cika kart guda, ɗan katin ajiyar aparai, da hotuna. Ke sau ɗaya za ki danna ki tafi?"

"Kai kana dannawa ne ko Allah zai sa ɗaya ya yi kyau. Ni sai na gani nake dannawa. Kauce min daga haske."

Na gyara wa Mariyama mayafi, na juya ta har walƙiyar ta gangaro ta gefen kai, na danna. Na ƙara ɗaya saboda ƙiftawar ido. Na koma gida na ajiye aparai, ban ma yi niyyar wankewa da wuri ba.

Bayan ƴan kwanaki sai ga Azara ta shigo ko gaisuwar kirki babu, ta zube a tabarma, ta miƙo min salular wata jikarta.

"Saurari abin da na tsufa na ji."

Muryar Hajiya Ramatu ce a vokal, saƙon murya. Tana cewa an aiko mata hoton amarya ta gani da idonta. Goshi fari tas, kafaɗar riga ko ɗigon shuni babu, mayafin kuwa dunƙule baƙi kamar leda. Ta ce Azara ta rina yadin kanti ta ɗora wa surukarta, duk mai amana a hannunta ya je ya karɓe abinsa. Vokal ɗin ya riga ya zaga salular matan gari. Waɗanda suka ba Azara saƙo sun fara aiko cewa a dakata tukuna.

Na ce, "Ke tsohuwa, a kai mata mayafin mana ta murza da hannunta."

"Na ce a kai. Ta ce ai yanzu da magana ta tashi zan musanya. Wanda amarya ta sa ranar biki take nufi, kuma ga hoto."

"Matan da suka cika gidan fa? Makafi ne?"

"Wasu sun ce sun ga shuni. Sauran suka duba salularsu, suka ga fuskar ta yi haske, suka ce su dai ba za su rantse ba."

Kun ji. Mace ta zauna kusa da amarya, shunin ma ya taɓa mata hannu, amma sai ta tambayi salula abin da idonta ya gani.

Na yafa mayafi na nufi studiyon Dramane. Ya buɗe min hoton a ordinatar, kwamfutarsa, yana murmushi, yana jiran yabo. Mariyama ce, amma kamar an wanke ta da toka.

"Ina shunin goshinta?"

"Wane shuni? Ah, wannan shuɗi-shuɗin? Na ɗauka hasken ɗakin ne ya ɓata launi, na yi masa retush, na gyara shi. Rigar ma ta yi datti a kafaɗa, na goge. Ita amaryar da kanta ta ce in ɗan haskaka ta, Gwaggo."

"Datti. To, madalla. Ina na farkon, kafin ka sa hannu?"

Murmushin ya ɗauke. Ya ce ya share kart ɗin, ya yi wani bikin da shi. Na gaya masa abin da gogewarsa ta jawo wa Azara. Ya dafe kai, ya ce, "Wallahi ban sani ba. Amma Gwaggo, kowa haka yake so. In na bar mace da launinta, ba ta sake dawowa wurina."

Wannan gaskiya ce, ban musa masa ba. Na ce mu ma mun rufe ƙuraje da bakin fensir a jikin uwar hoto, amma mun san ƙurji, mun san ado. Na ce gobe da sassafe ya zo gidana, ya bar bakinsa a waje.

Wankin nan shi ne wanda na fi jin nauyinsa a duk sana'ata. Pelikil ɗin ya ga zafi bayan zafi a cikin randa. Garin maganin ya dunƙule, da na dama shi ya yi launin shayi. Pelikil kuwa sau ɗaya ake wanke shi, ba a cewa a sake. In ya fito hazo, Azara ta mutu da sunan mai cin amana. Tana zaune a bakin ƙofa tana jan carbinta, ni ina ciki da nawa. Na toshe ƙasan ƙofa da bargo, duhu ya rufe mu. Ina shirin buɗe gwangwanin sai na ji Dramane yana lalube a aljihu.

"Me kake nema?"

"Zan ɗan haska miki da salula."

"In ka kunna abin nan a ɗakin nan, sai dai ubanka ya zo ya kwashi gawarka. Zauna a kan hannuwanka."

Na naɗa pelikil da yatsu kawai, na tsoma gwiwar hannu a ruwa, na zuba magani. Na ƙara ja a carbi saboda tsufan garin, ina juya kwanon a hankali. Da na gama na ɗauraye, na buɗe taga, na ɗaga uwar hoton ga haske. Akwai ɗan hazo a gefe, amma Mariyama na nan, fuskarta a juye, mayafinta cike da ƙananan layuka. Na rataye ta ta bushe, na ciro takarda mafi girma da ta rage min a randa, na kunna jan ampul, ƙwan lantarkin da ba ya ɓata takarda. Na kare fuska da tafin hannu, na bar riga ta sha haske, na tsoma takardar a faranti.

Wanda bai taɓa ganin hoto yana tasowa daga farar takarda ba, bai ga komai ba a sana'ar nan. Idanu suka fara fitowa, sai mayafi. Dramane ya sunkuyo har numfashinsa na kaɗa ruwan.

"La ilaha illallahu. Gwaggo, ga ɗinkin! Ɗaya bayan ɗaya!"

Ga su kuwa, siraran saƙar a jere, kowace da layin ɗinkinta, walƙiya na gangarowa a kansu. Ga duhun shuni kwance a goshi daidai inda bakin mayafi ya zauna. Ga tabonsa a kafaɗar farar riga. Hoton baƙi da fari ne, ba shuɗi a ciki, amma ba ƴar Agadez da za ta kalle shi ta nemi a faɗa mata launin. Na buɗe ƙofa na nuna wa Azara. Ta kalla, ta ce, "To," ta ci gaba da jan carbi.

Dramane ya ce bari ya ɗauki hoton hoton ya aika yanzun nan, magana ta mutu. Na ce gwada. Ya ɗauka, ya tura wa salular jikar Azara. Da muka buɗe a can, layukan sun haɗe, mayafin ya koma dunƙulen baƙi. Ya ce in ya sa babban aparai za su fito. Na ce a wurinka za su fito, amma kafin su bi iska su matsu su shiga ƴar salular Hajiya Ramatu fa? Wannan takardar da ƙafa za ta je.

Azara ta ce ita ba ta zuwa roƙon kowa. Na ce ba roƙo za mu ba, nuni za mu. Muka sa hoton tsakanin kwali biyu, muka shiga motar Damagaram, na rungume shi a ƙirji har Aderbissinat, ban yarda ko yaron mota ya taɓa ba.

Mun tarar da Hajiya Ramatu a ɗaki, ta miƙe ƙafafu a tabarma. Ta amsa gaisuwata, ta Azara kuwa da ƙyar.

"In maganar hoto ce, Hajiya Dije, na riga na gani."

"Kin ga abin da aka rage miki, Hajiya. Ga abin da rana ta gani."

Na zare kwalin. Ta ce a matsar da ita bakin ƙofa, idonta ba ya son duhu. Ta ɗora hoton a cinya, ta daɗe tana kallo. Sai ta ɗora yatsa a kan mayafin, ta bi layin ɗinki tun daga kafaɗa har sama, ta koma ta bi na kusa da shi. Ta kai goshin yarinyar, ta murza a hankali. Sannan ta juyo da yatsan ta duba kansa ko shuni ya kama shi.

Ita da kanta ta fara gane abin da ta yi. Ta riƙe yatsan a sama, ta dubi Azara, ta ce, "Yaya Azara, na zalunce ki." Ta sa aka miƙo mata salula, a gabanmu ta danna, ta ce ita ce Ramatu, da bakin da ta ɓata Azara da shi take wanke ta, kuma duk wadda ta tura na farko ta tura wannan, in ba haka ba ita da Allah. Hoton kuwa ta hana mu dawowa da shi.

Yanzu Dramane in zai goge wani abu a fuskar amarya sai ya tambayi tsofaffin gidan tukuna. Ya kan zo ya zauna a ɗakin bayan nan, yana so in koya masa aikin tafin hannu, ni kuwa ina sa shi cika tuluna. Abin da ya rage a randa bai da yawa, kuma ba mai kawo wani. Na ware na ƙarshe na ce nawa ne. Zan sa alashona, wanda Azara ta sayo min, in tsaya jikin jan bangon nan da hantsi, shi zai danna. Na gaya masa a gaban shaidu: ya bar min tamojina, ya bar min baƙina, in kuwa ya taɓa min goshi, ban yafe ba.